Curt Flood, gwanin tsaron bayan fili da ya ƙi yarda a sayar da shi

Tambaya: Malam, a wata hira da aka yi kan cinikin 'yan ƙwallo na ji an ce tun kafin Bosman akwai wani ɗan wasan besbol a Amurka, wai shi Curt Flood, da ya kai masu kulob-kulob kotu. An ce mai tsaron bayan fili ne. Mene ne aikin mai tsaron bayan fili? Shi Flood ɗin gwani ne, ko kuwa wasa ne ya ƙare masa ya koma neman kuɗi a kotu? Kuma ya yi nasara?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu ita ce zan fi daɗewa a kanta, domin duk wanda bai san irin matsayin Flood a fili ba, ba zai gane girman abin da ya sadaukar ba. A taƙaice dai, gwani ne na gaske, yana tsakiyar ganiyarsa ya shiga kotu, kuma ya sha kaye a shari'ar. Amma bari in fara da aikin, tunda besbol ba wasan da muka taso muna kallo ba ne.

A besbol ɓangare ɗaya yana bugu, ɗayan yana tsaro da mutum tara. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya maka mata sanda, sannan ya ruga yana zagaya tashoshi huɗu da ke da tazarar kusan mita 27 tsakanin kowace biyu. In ya zagayo ya dawo inda ya taso, an ci ɗaya. Masu tsaro su kuma burinsu su fitar da masu bugu uku, sai a yi musaya, haka har turmi tara. Shida daga cikin masu tsaron suna nan kusa da tashoshin. Sauran ukun suna can nesa a cikin ciyawa, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama. Su ne masu tsaron bayan fili. Idan mai bugu ya ɗaga ƙwallo sama, ɗayansu ya cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugun ya fita. In ta kuɓuce masa ta gangara zuwa katanga, kafin ya ɗauko ya jefo, mutum biyu ko uku sun ci.

Na dama ana so ya fi kowa ƙarfin damtse, saboda shi ne ke da jifa mafi nisa zuwa tasha ta uku. Na hagu sau da yawa an ajiye shi ne don bugunsa, ba don tsaronsa ba. Na tsakiya kuwa shi ne shugabansu. Filinsa ya fi faɗi, katangar da ke bayansa tana da nisan kimanin mita 120 daga wurin bugu, kuma duk ƙwallon da ya ce tasa ce, sauran biyun sai su kauce masa. Ƙwallon da aka ɗaga sama takan yi daƙiƙa huɗu ko biyar kafin ta sauko, to a cikin rabin daƙiƙar farko ake gane gwani. Yana jin ƙarar sanda, ya ga yadda mai bugun ya juya kafaɗa, sai ya juya wa ƙwallon baya ya ruga zuwa inda za ta faɗo, ba tare da yana kallonta ba, sannan ya waiwayo ya same ta a inda ya ƙiyasta. Tun kafin a jefa ma ya riga ya san wace irin jifa abokinsa zai yi, ya san wannan mai bugun inda ya saba kaiwa, ya lura da iska, ya gusa taku uku ko huɗu. Shi ya sa masu kallo kan yi kuskure: wanda suke gani yana shawagi yana faɗuwa ƙasa ana tafi, wani lokacin makara ya yi wajen tashi. Gwani tsaye ƙwallo take iske shi. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin zai gaya maka cewa ƙwallon da ta fi wuya ita ce wadda aka bugo da ƙarfi ta nufo ka kai tsaye, don ba ka ganin gefenta balle ka gane a gabanka za ta faɗi ko ta wuce kanka. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi a 1968.

An haifi Curtis Charles Flood ranar 18 ga Janairu 1938 a Houston, shi ne auta a cikin 'ya'ya shida, amma a Oakland ta jihar California ya taso. Unguwarsu ta talakawa ce, sai dai ta fitar da 'yan wasa, don Frank Robinson da Vada Pinson duk 'yan makarantarsu ne. Flood ba shi da jiki, tsayinsa bai wuce mita 1.75 ba, nauyinsa kusan kilo 75, kuma masu farautar 'yan wasa da dama sun raina shi saboda haka. Kulob ɗin Cincinnati ne ya ɗauke shi a 1956 kan dala 4,000, aka tura shi ƙaramin kulob a jihar North Carolina, shekara mai bi aka mai da shi Savannah a jihar Georgia.

Yaro ɗan shekara 18 da ya taso a California, sai ga shi a kudancin Amurka, shekara tara kacal bayan Jackie Robinson ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar zamani. Ba ya kwana a otal ɗin abokan wasansa. In motar kulob ta tsaya a gidan abinci, shi yana zaune a mota ko ya zagaya ƙofar baya. Magoya bayan kulob ɗin nasa ma zaginsa suke yi daga kan benci. Akwai wani abu da ya sha ba da labarinsa har ƙarshen rayuwarsa: ranar da suke da wasa biyu a jere, bayan na farko kowa ya tuɓe kayansa ya jefa a tari don a wanke, shi ma ya jefa nasa. Sai mai kula da kaya ya zo da doguwar sanda ya tsamo rigar Flood da ita, don kada ya taɓa da hannu, ya aika da ita can unguwar baƙaƙe a wanke. Abokansa suka saka kaya suka fita fili, shi yana zaune tsirara a ɗaki yana jira. A wannan yanayin ne ya buga kashi .340 a shekararsa ta farko, ya fitar da ƙwallo waje sau 29, wato ya buga ta ta haura katanga, bugun da ke ba mai shi ci kai tsaye, aka zaɓe shi gwarzon gasar. A lissafin besbol, wanda ya samu bugu mai kyau sau uku cikin goma, wato .300, gwani ne.

A Disambar 1957 Cincinnati ta musanya shi da wasu 'yan wasa ta tura shi St. Louis Cardinals. Ba a tambaye shi ba, sanar da shi kawai aka yi. A St. Louis ya yi shekara 12. Shekarun farko sun yi masa wuya, kocin lokacin Solly Hemus bai yarda da shi ba, yana yawan ajiye shi a benci. Da Johnny Keane ya karɓi ragama a tsakiyar 1961 ya ce masa tsakiyar fili nasa ne, a shekarar ya buga .322.

Daga nan sai ka duba abin da ya biyo baya. Kyautar Safar Zinare, wadda ake ba fitattun masu tsaro, ya ɗauke ta sau bakwai a jere, daga 1963 zuwa 1969, kuma a zamanin da Willie Mays da Roberto Clemente suke tsaron bayan fili a gasa ɗaya da shi. Daga Satumbar 1965 zuwa Yunin 1967 ya yi wasa 226 a jere ba a rubuta masa kuskure ko ɗaya ba, duk kakar 1966 tana ciki. Ya haura .300 sau shida, mafi girma .335 a 1967. A 1964 bugu 211 ya samu, shi da Clemente suka yi kunnen doki a saman gasar. Cardinals ta kai wasan ƙarshe na World Series sau uku da shi, ta doke New York Yankees a 1964, ta doke Boston Red Sox a 1967. Shi da Tim McCarver ne kyaftin-kyaftin ɗin kulob. A Agustan 1968 mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bangonta yana tsalle jikin katanga, ta kira shi wanda ya fi kowa tsaron tsakiyar fili a besbol. Ba shi da ƙarfin fitar da ƙwallo waje, 85 kawai ya yi a duk rayuwarsa, kuma damtsensa bai kai na Clemente ba. Abin da yake da shi shi ne saurin tashi da sanin inda ƙwallo za ta sauka, kuma a wannan ɓangaren ni a ganina Mays kaɗai za a sa a gabansa a shekarun nan.

To sai ranar 10 ga Oktoba 1968, wasa na bakwai kuma na yanke hukunci da Detroit Tigers. Turmi na bakwai, babu wanda ya ci, Bob Gibson na Cardinals ne ke jifa, an fitar da biyu, mutum biyu na kan tasha. Jim Northrup na Detroit ya bugo irin ƙwallon nan da na faɗa maka, mai ƙarfi, kai tsaye. Flood ya yi taku gaba, ya gane ta fi ƙarfin haka, ya juya, ƙafarsa ta zame a ciyawa, ƙwallo ta wuce kansa. Mutum biyu suka ci, Detroit ta ɗauki kofi da 4 da 1. Gibson ya sha cewa da Flood bai kamo ta ba, to ba mai kamowa. Amma abin ya bar tabo. Da aka zo sabunta kwantiragi Flood ya nemi dala 100,000, aka daidaita kan 90,000 bayan ja-in-ja, kuma mai kulob ɗin, August Busch, attajirin kamfanin giya na Anheuser-Busch wanda a da yake ji da Flood, ya riƙe abin a zuci. A Maris 1969 Busch ya tara 'yan wasansa a gaban 'yan jarida ya yi musu faɗa kan son kuɗi. Kakar ba ta yi kyau ba. Ranar 7 ga Oktoba 1969 aka haɗa Flood da McCarver da wasu biyu aka musanya su da Dick Allen da wasu biyu na Philadelphia Phillies. Wani ƙaramin jami'in ofis ne ya buga masa waya ya gaya masa, bayan shekara 12.

A nan dole in bayyana maka dokar da ta ɗaure su. Tun 1879 masu kulob suka fara wani tsari da ya zama sharaɗi a kwantiragin kowane ɗan wasa: in kwantiragi ya ƙare ba a daidaita ba, kulob na da ikon sabunta shi na shekara ɗaya da kansa. Masu kulob suka fassara cewa sabon kwantiragin shi ma yana ɗauke da wannan sharaɗin, saboda haka sabuntawar ba ta da iyaka. Ma'ana, kulob ɗin da ya fara ɗaukarka shi ke da kai har ka daina wasa, sai in ya sayar da kai ko ya sallame ka. Ba ka da ikon jin tayin wani. Zaɓinka biyu ne, ka karɓi abin da aka ba ka ko ka koma gida. A kowace irin sana'a a Amurka, in masu kamfanoni suka haɗa baki haka, sun karya dokar hana babakere a kasuwa. Amma a 1922 Kotun Ƙoli ta yanke cewa besbol ba kasuwanci ne tsakanin jihohi ba, don haka dokar ba ta hau kansa ba, ta kuma sake tabbatar da hakan a 1953.

Flood yana da shekara 31. Philadelphia ta yi masa tayin dala 100,000, a lokacin da matsakaicin albashin ɗan wasa bai kai 30,000 ba. Da ya je, da ya ƙara shekara huɗu ko biyar yana karɓar irin wannan kuɗin, wataƙila daga baya ya zama koci. Ka ga amsar tambayarka ke nan: ba wanda wasa ya ƙare wa ba ne.

Ya je wurin Marvin Miller, shugaban ƙungiyar 'yan wasa tun 1966, wanda ya fito daga ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙarfe. Miller bai ɓoye masa komai ba. Ya ce masa da ƙyar ne a ci shari'ar, ko an ci ba zai samu diyyar kirki ba, kuma ya sani ba zai ƙara samun aiki a besbol ba. Flood ya tambaye shi ko sauran 'yan wasa da masu zuwa za su amfana. Miller ya ce za su amfana. Flood ya ce hakan ya ishe shi. A Disamba wakilan 'yan wasa suka zauna a Puerto Rico, wani daga cikinsu, Tom Haller, ya tambaye shi gaba da gaba ko don shi baƙi ne yake wannan. Flood ya amsa cewa abin da ya sha a matsayinsa na baƙi ya sa ya fi su saurin jin zafin zalunci, amma ƙarar a matsayin ɗan wasa zai shigar da ita. Suka amince baki ɗaya ƙungiya ta biya kuɗin lauya. Kuma gaskiya ya faɗa. Mutumin da ya bi Jackie Robinson zuwa Mississippi a 1962 don gangamin neman 'yancin baƙaƙe, wanda a 1964 sai da umarnin kotu ya shiga gidan da ya kama haya a wata unguwar farare a California saboda an tare ƙofa da bindiga, ba zai kalli sharaɗin nan da idon da abokansa farare suke kallonsa ba.

Ranar 24 ga Disamba 1969 ya aika wa kwamishinan besbol, Bowie Kuhn, gajeriyar wasiƙa. Ya ce bayan shekara 12 a babbar gasa, ba ya ganin kansa a matsayin kadarar da za a saya a sayar ba tare da an ji ta bakinsa ba, ya nemi a sanar da duk kulob-kulob cewa yana nan ga mai so. Kuhn ya amsa cewa ya yarda shi ba kadara ba ne, amma bai ga yadda hakan ya shafi wannan batu ba. Da ɗan jarida Howard Cosell ya ce masa a talabijin mai karɓar dala 90,000 ai ba za a kira shi bawa ba, Flood ya ce bawan da ake biya da tsoka, bawa ne dai. Wannan maganar ta jawo masa baƙin jini sosai. Jaridu suka yi masa ca, ma'aikacin da ke fama da ɗan albashinsa ya ga butulci ne, wasiƙun zagi da barazanar kisa suka riƙa zuwa.

An shigar da ƙara a Janairun 1970, lauyansa Arthur Goldberg, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli. Aka fara sauraro a New York a watan Mayu. Jackie Robinson, da furfura da ciwon suga da ya fara cin idonsa, ya zo ya ba da shaida, har Flood ya yi hawaye. Tsohon gwarzo Hank Greenberg ya zo, tsohon mai kulob Bill Veeck ya zo. Amma a cikin 'yan wasan da ke bugawa a lokacin, waɗanda dominsu ake shari'ar, ba wanda ya ba shi shaida, ba ma wanda ya leƙo ya zauna a kotun. Har Gibson, amininsa kuma abokin ɗakinsa a tafiye-tafiye, bai zo ba, kuma daga baya bai ɓoye cewa tsoron abin da zai same shi ne ya hana shi ba. Wannan ɓangaren ya fi kowanne taɓa ni a labarin. Ban ɗora musu laifi gaba ɗaya ba, kowa na da iyali, kuma sun ga abin da ake yi wa wanda ya ɗaga kai. Amma tsoron nasu shi kansa hujja ce kan abin da Flood yake faɗa.

Ya faɗi a kotun farko a Agustan 1970, ya faɗi a kotun ɗaukaka ƙara a 1971. Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar a Maris 1972, kuma Goldberg, wanda takarar gwamnan New York ta riga ta raba masa hankali tun farkon shari'ar, bai taka rawar kirki ba a ranar. Ranar 19 ga Yuni 1972 aka yanke hukunci, alƙalai 5 suka goyi bayan masu kulob, 3 suka goyi bayan Flood, ɗaya, Lewis Powell, ya janye saboda yana da hannun jari a kamfanin Busch. Hukuncin da Harry Blackmun ya rubuta abin mamaki ne. Ya buɗe shi da yabon wasan da jero sunayen tsofaffin gwaraza 88. Sannan ya amince cewa besbol kasuwanci ne tsakanin jihohi, ya amince cewa keɓe shi da aka yi bai dace da yadda ake yi wa dambe da ƙwallon kwando da sauran wasanni ba, amma ya ce tunda an daɗe a haka, majalisa ce za ta gyara, ba kotu ba. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun, yana cikin ukun da suka ƙi.

Kafin hukuncin ma Flood ya riga ya karye. Bai buga ko wasa ɗaya ba a 1970, ya tafi Denmark ya zauna, bashi ya yi masa katutu, kasuwancinsa na St. Louis ya rushe. A 1971 Washington Senators ta ɗauke shi kan dala 110,000 da sharaɗin ƙarar za ta ci gaba. Wasa 13 ya yi. Ƙafar ta tafi, idon ya tafi, ƙwallayen da a da yake jira a tsaye suna faɗuwa a gabansa. A ƙarshen Afrilu ya aika wa mai kulob telegiram daga filin jirgi cewa ya gwada, shekara ɗaya da rabi ta yi yawa, matsaloli sun taru masa. Ya tafi tsibirin Majorca a Sifaniya ya buɗe mashaya, giya ta kama shi sosai. Ba zan wanke shi a nan ba: ya bar 'ya'yansa a Amurka shekaru ba kulawa, kuma shan nasa ya fara tun kafin shari'a. Ya dawo a 1976 ba shi da komai.

To in ya faɗi, me ya sa ake cewa shi ya 'yanta su? A nan mutane kan haɗe abubuwa biyu, gara in raba maka su. Ba hukuncin kotu ne ya kashe sharaɗin ba. A 1970, ana tsakiyar ƙararsa, Miller ya samu masu kulob sun yarda cewa in saɓani ya taso, mai raba gardama mai zaman kansa ne zai yanke, ba kwamishina ba. Sun yarda ne a lokacin da suke ƙoƙarin nuna wa kotu cewa ana iya warware komai a teburin sulhu. A 1973 suka ƙara yarda cewa ɗan wasan da ya yi shekara 10 a gasa, 5 na ƙarshe a kulob ɗaya, ba za a sayar da shi ba sai da yardarsa. Har yau wasu na kiran wannan ƙa'idar da sunan Flood, kuma da tana nan a 1969 da ba a yi shari'ar ba. Sannan a 1975 masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, suka shiga kaka ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, suka ce shekara ɗayar da sharaɗin ya ambata ta cika. Ranar 23 ga Disamba mai raba gardama Peter Seitz ya ce shekara ɗaya tana nufin shekara ɗaya. Masu kulob suka kore shi nan take, amma hukuncin ya tsaya. A 1976 aka daidaita cewa duk wanda ya cika shekara shida yana da 'yancin zuwa inda ya so. Matsakaicin albashi da yake kusan dala 45,000 a 1975 ya haura 140,000 a 1980.

Saboda haka wanda ya ce Messersmith da Seitz da Miller ne suka buɗe ƙofar, bai yi ƙarya ba. Abin da nake ƙarawa shi ne, a 1969 yawancin 'yan wasa sun yarda da abin da aka gaya musu tun suna yara, cewa in aka cire sharaɗin wasan zai mutu. Shekara biyu da rabi na shari'ar Flood ne suka sa aka baje maganar a jarida da majalisa da ɗakin sauya kaya, har alƙalin da ya ba shi rashin gaskiya ya rubuta da hannunsa cewa tsarin ba daidai yake ba. Kuma sun ga tauraro ya ajiye dala 100,000 a shekara saboda abin. Da ɗan benci ne ya yi, da an ce haushin rashin samun wuri ne.

Kwatancen da aka yi maka da Bosman yana kan hanya, amma akwai bambanci. Jean-Marc Bosman ɗan wasa ne matsakaici a Liège ta Beljiyam, kwantiraginsa ya ƙare a 1990, kulob ya zabge masa albashi ya kuma hana shi tafiya Dunkerque ta Faransa saboda kuɗin ciniki. Shi ya ci shari'arsa a kotun Tarayyar Turai ranar 15 ga Disamba 1995, kuma daga hukuncin ne kai tsaye ɗan ƙwallon da kwantiraginsa ya ƙare yake tafiya kyauta, abin da 'yan wasanmu da ke Turai suke cin moriyarsa yau. Bosman an matse shi ne har ba shi da mafita. Flood yana da mafita mai tsoka, ya ƙi bi. Inda suka haɗu shi ne dukansu wasansu ya mutu a kotu, dukansu sun faɗa shaye-shaye da talauci, wasu suka kwashi arzikin.

Ƙarshen rayuwar Flood ya ɗan yi sauƙi. Ya yi sharhin wasannin Oakland a rediyo a 1978, ya kula da gasar yara a garin, ya daina sha, ya auri 'yar fim Judy Pace a 1986. A lokacin yajin aikin 1994 aka gayyace shi ya yi wa 'yan wasa jawabi, suka miƙe tsaye suna masa tafi. Shekara mai bi aka gano yana da sankarar maƙogwaro, ya rasu a Los Angeles ranar 20 ga Janairu 1997, kwana biyu bayan ya cika 59. A 1998 majalisar Amurka ta zartar da doka mai sunansa wadda ta sa dokar hana babakere ta hau kan hulɗar masu kulob da 'yan wasan babbar gasa, abin da ya roƙi kotu tun 1970. Da Gerrit Cole ya sa hannu kan dala miliyan 324 da Yankees a 2019, ya ambaci sunan Flood da na Miller a gaban 'yan jarida ya gode musu. A Disambar 2024 Juan Soto, shi ma mai tsaron bayan fili, ya bar Yankees don kansa ya koma New York Mets kan dala miliyan 765 na shekara 15.

Abin da har yanzu nake ganin ba a yi masa adalci ba shi ne zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown. Ana buƙatar kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un marubuta wasanni, shi kuwa mafi yawan abin da ya taɓa samu kusan kashi 15 ne. Masu ƙin sa suna cewa bugu 1,861 da kashi .293 ba su kai ba. Amma ai yana ɗan shekara 31 ya tsaya, kuma kowa ya san dalilin tsayawar, ba a auna shi da lissafin wanda ya buga har 40. An saka Bowie Kuhn, wanda ya ƙi amsa roƙonsa, tun 2008. An zaɓi Marvin Miller a 2019, shekara bakwai bayan rasuwarsa. A 2020 'yan majalisar Amurka fiye da 100 daga jam'iyyu biyu suka rubuta wasiƙa suna neman a saka Flood, kuma in da ina da ƙuri'a a kwamitin da ke duba tsofaffin 'yan wasa, shi zan fara ba.